Zoben da ka gani a hoton

Jiya bayan mun sallami dattijon nan na Tudun Wada ka ce, "Oga, tunda MRI ta nuna ƙarin da ke kansa ƙarara, me zai hana mu faɗa wa 'ya'yansa irinsa da kwanakin da suka rage masa?" Jawo kujera, yaro.

Hoto yana magana, ban musa ba. In an yi allurar gadoliniyam, wadda ke sa ƙari ya fito fili a hoton MRI, bayan ka duba gwajin ƙoda, sai ka ga ƙari a gefe manne da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya sha allurar sumul har da 'yar jela, galibi meninjiyoma ne, kuma yawancinsa da sauƙi. Mai faɗar min da gaba shi ne mai zobe: gefe ya yi haske, tsakiya ta mutu ta yi duhu, kumburi ya kewaye. Haka gilayobilastoma, kansar ƙwaƙwalwa, ke fitowa, mataki na 4, mafi tsanani. Binciken da aka fitar a 2005 ya nuna ko an haɗa tiyata da gashin radiyoterafi da maganin kansa temozolomide, kusan rabin masu shi ba sa haura wata 15.

To amma a ƙasar nan zobe yana yaudara. Tarin fuka kan dunƙule a ƙwaƙwalwa ya yi zobe, ƙurji mai mugunya ma haka. Shi ya sa nake takura maka a kan DWI, salon hoton MRI mai duba motsin ruwa a nama: mugunya tana ƙyalli a can, mataccen naman ƙari kuwa ba kasafai ba. Na ga wanda dangi suka soma yi wa kukan mutuwa, ashe tibi ne. Ya sha magani ya koma shagonsa.

Kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa a kan gwajin ƙwayar halitta irin su IDH, wanda sai an yanko nama an kai ɗakin gwaji. Manhajojin kwamfuta da kake ta yabo, na BraTS, gasar tantance ƙari a hoton ƙwaƙwalwa da aka fara a 2012, sun iya zana iyakar ƙari, na sara musu. Sai dai akasarin hotunan da suka koya da su na Turai da Amurka ne, kuma lissafinsu na taron jama'a ne. Ba su san iya ƙarin da likita zai iya cirewa daga kan dattijon nan ba.

Gobe akwai mutum biyu da safe. Ka tokare musu kai da soso, wanda ya motsa ka maimaita. Dangi in sun tare ka a baranda, ce musu bayani yana wurin likita.