Tambaya da Amsa: Gishirin zinki wajen haɗa ZIF-8

Tambaya: Malam, ina aikin digiri na biyu kan sinadaran MOF, waɗanda ake gina su da ƙarfe da mahaɗi har su fito da ƙananan ramuka masu kama iskar gas. Takardar da nake bi ta ce a yi ZIF-8, wanda wani nau'in MOF ne, da zinki naitret, amma zinki asitet kaɗai muke da shi. Zan iya musanyawa? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, za ki iya, amma kada ki auna giram da giram. Mol guda (ma'aunin yawan sinadari) na naitret, Zn(NO3)2·6H2O, giram 297.5 ne, na asitet, Zn(CH3COO)2·2H2O, kuwa giram 219.5. Hanyar da aka saba bi ita ce a narkar da giram 2.93 na naitret a metanol mililita 200, a narkar da giram 6.49 na mahaɗin, wato 2-metilimidazol, a wani mililita 200, a haɗa a yi ta juyawa na awa guda ba tare da ɗumamawa ba. Wato kowane zinki ɗaya yana samun mahaɗi takwas. Da asitet, giram 2.16 za ki auna. Idan kika zuba 2.93, zinki ya yi yawa, ma'aunin ya lalace.

Ko lissafin ya yi daidai, sakamakon ba zai zama iri ɗaya ba. Naitret ba ya riƙe zinki da ƙarfi, shi ya sa ruwan ke yin fari kamar madara da wuri, ƙwayoyin ZIF-8 su fito ƙanana sosai. Asitet yana gogayya da mahaɗin wajen kama zinki, sai ƙwayoyin su fito kaɗan amma manya. In girman ƙwaya na cikin abin da kike aunawa, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma dole ki rubuta shi a rahotonki.

Ki kula da laima. Naitret yana shan danshi, musamman da damina, har ya jiƙe a kwalba, sai abin da kika auna ya haɗa da ruwa. ZIF-8 yana jure wannan, amma MOF-5, wanda Omar Yaghi da abokan aikinsa suka fitar a 1999 daga zinki da asid ɗin tereftalik, ruwa yana rusa shi.

Kada ki maye gurbin metanol da ruwa a wannan ma'auni. A ruwa ana bukatar mahaɗi kusan ninki 70 na zinki, in ba haka ba wani tsari daban marar ramukan ZIF-8 zai fito. Ki wanke da metanol sau uku, ki busar, sannan ki tabbatar da tsarin ta hanyar XRD, gwajin da ke nuna tsarin ƙwayoyi da hasken X-ray, kafin ki auna komai.