Wane Littafi Zan Saya Don Koyon Ɗaura Ƙwarin Fatsa?

Tambaya: Malam, na fara fatsar kifin tirawut a kogunan Sikotlan, kuma ina son in riƙa ɗaura ƙwarin ƙarya da kaina, wato ƙugiyoyin da ake naɗa wa zare da gashin tsuntsu su yi kama da ƙwaro. Littattafan sun yi yawa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, kada kaurin littafi ya ruɗe ka. Na taɓa sayen wani mai ɗaruruwan samfura, hoto ɗaya tak ga kowane ƙwaro, babu bayanin yadda ake naɗa zare. Har yau yana kan kanta yana shan ƙura.

Nemi wanda ke nuna ɗaurin mataki-mataki da hoto, ya faɗi girman ƙugiya, ya kuma ba ka madadin gashin tsuntsun da ba ka samu ba. Ka tuna, lambar ƙugiya in ta hau, ƙugiyar ƙanƙancewa take yi: 16 ta fi 12 ƙanƙanta. In ka samu littafi mai ɗinkin waya wanda ke kwanciya a buɗe, ka more, don hannuwanka biyu suna kan aiki.

Sai ka duba inda marubucin ke fatsa. Ƙwarin kogunan Amurka ba lallai su dace da naku ba, duk da cewa samfurin ƙwaron da ake kira Adams, wanda Leonard Halladay ya ƙirƙiro a Michigan a 1922, yana aiki kusan ko'ina. Ni dai ba na sayen littafin da babu Pheasant Tail a ciki, wato ƙwaro mai nutsewa da Frank Sawyer ya ƙirƙiro, domin tirawut ya fi cin abinci a ƙarƙashin ruwa.