Ga ɗan'uwa mai tsuntsun Mambila da ya ƙi hawa sanda

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, kamar labarina aka ba ka ka rubuta. Ka ce an sayar maka da ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa wai daga Mambila, yau kwana huɗu yana takure a ƙasan keji, ba ya hawa sanda, ba ya kuka, gero ko kallo bai ishe shi ba, kana neman maganin da za ka ɗiga masa a ruwa. Kada ka ɗiga komai. Tashi ka je ka dubi bakinsa.

Idan bakin siriri ne kamar tsinken sakace, ƙwari yake ci, kuma yunwa ce ke cinsa ga abinci a gabansa. Ka dai san bakin kanari, gajere mai kauri na fasa tsaba. Ni wannan ɗan bambancin ne ban lura da shi ba, duk shekaruna a kiwo.

Bazarar shekara uku da suka wuce wani mai tsuntsaye ya same ni har gida a Tudun Wada, da keji lulluɓe da tsumma. Ya kunna mini wani kuka a wayarsa, ya ce, "Alhaji, ranar da wannan ya buɗe baki, kanarinka kunya za su ji." Kuɗin da na ware na dawar tattabaru na ƙirga na ba shi. Kwana biyu shiru, na kira shi, ya ce baƙunta ce. Kwana huɗu, ya ce in sa masa maganin kaji. Na sa, Allah Ya yafe mini.

Rana ta shida ce ba na mantawa. Watan Afrilu, azahar, ba wuta, rufin kwano sai ka ce tanda. Na dawo daga masallaci na tarar da shi baki buɗe, fukafukai a sake. Da na ɗauke shi ban ji nauyin komai a tafina ba, ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar kaifin wuƙa. 'Yar autata ta ɗauko maficin mahaifiyarta tana ta yi masa fifita, tana cewa, "Baba, ka ba shi ruwa mana." Na jiƙa yatsa na ɗiga masa, ruwan ya gangaro ta gefen baki. Kafin la'asar ya miƙe ƙafa. Sai a lokacin na duba kwanon geron, ko ɓawo ɗaya babu. Kwana shida! Na kira mutumin nan, buɗar bakinsa sai ya ce, "Ai rai na Allah ne, Alhaji, ko dai baki ne ya kama shi?" Bayan wata guda na gan shi da wasu tsuntsaye biyu yana kunna wa wani bawan Allah wannan kukan dai na waya. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, har mutane suka taru. Da shi za mu tsaya gaban Allah.

Ɗan yayata da ke karatu a Samaru ne ya warware mini daga baya. Tudun Mambila, inda garin Gembu yake, tsayinsa kusan mita 1,600 ne, Chappal Waddi kuma, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, mu nan Zariya ko 700 ba mu kai ba. Duk hawan mita 1,000 zafi na sauka da wajen digiri 6. Irin waɗannan tsuntsaye a ƙarƙashin sarƙaƙiya suke rayuwa, a bakin kurmi irin na Ngel Nyaki da ke Mambila, cikin hazo da raɓa, suna saɗaɗawa cikin ganye kamar ɓera suna tsintar ƙwari. An fi jin su fiye da ganinsu. Don haka zaman ƙasan nan halinsa ne, ka daina tsikarinsa ya hau sanda. Kukan ma na kare fegi ne da kiran mace, wane fegi gare shi a kejin waya?

Yau ɗin nan ka sa yara su fasa suri su kwaso maka gara, da ƙananan fara. In an yi ruwa shinge ya fito, to ka huta. Dafaffiyar gwaiduwar ƙwai za ta iya riƙe shi idan ya yarda ya ci, nawa dai ban kai ga gwadawa ba. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Ka sauke kejin ƙasa kusa da randa, ka zuba ƙasa mai danshi da busasshen ganye, ka rufe gefe uku, ka hana yara leƙe. Ka kuma raba shi da sauran tsuntsayenka, na daji ne.

Wani ya ce maka ka kai shi Kufena nan Zariya ka saki tunda shi ma dutse ne. Haba jama'a! Dutsen Kufena da rana ko tafin ƙafarka ba ya ɗauka. In ya farfaɗo, ka nemi mai tafiya Gembu, a wuce Serti, a hau gangaren Mayo Selbe, a sake shi can sama. Ko ka tuntuɓi cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos da ke Laminga ka tura musu hotonsa.

Ba zan ɓoye maka ba, kwana huɗu ba ci ya yi nisa. Amma ka gwada garar. Ka turo mana hoton bakin nan kafin magariba, kuma ka faɗa mini, shi mai sayarwar, a waya ya kunna maka kukan?