Wa zai riƙa kai wa Inna abinci alhali ina Yamai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Yamai, mahaifiyata kuma tana unguwar Birni a Damagaram, ta haura shekara 70. Idonta ya yi rauni, ciwon gwiwa ya hana ta tsugunno gaban murhu, ga hawan jini da ciwon suga. Ƙanwata da ke mata girki an kai ta ɗakin miji a Maraɗi, Inna kuma ta ce ba inda za ta. Na ji a Turai akwai masu kai wa tsofaffi abinci har gida. Yaya zan shirya mata irin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya yi maka albarka.

Abin da ka ji gaskiya ne. A Ingila aka fara shi lokacin yaƙin duniya na biyu, Amurka ta ɗauka a birnin Filadelfiya a 1954, a Faransa kuma ma'aikatun magajin gari da yawa ne ke shirya shi. Mu ma muna da namu tun kaka da kakanni, wato ciyayya: an sauke tukunya, an zuba na tsohuwar maƙwabta, yaro ya miƙa. Sai dai ciyayya ba ta da lokaci, kuma ba don mai hawan jini aka yi miyar ba. Aikinka shi ne ka ɗauki wannan al'ada ka yi mata ƙa'ida.

Ka fara da mai girki. Na fi son ka samu mace a cikin unguwa, ƴar'uwa ko maƙwabciya da ke ɗora tukunya kullum, a kan mai tuwon sayarwa. Mai sayarwa tukunya ɗaya take yi wa kowa, da magi da mai da yaji yadda ciniki ke so. Matar gida kuwa tana iya ɗibar miyar Inna kafin ta ƙarasa zuba kayan ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma ɗauke take da sinadarin da ke tayar da jini. Daddawa da albasa da tafarnuwa sun isa su ba miya daɗi. Ku yanka kuɗin wata gaban wani babba na dangi, ka riƙa aika mata kai tsaye ta Nita ko Amana, kuma tun ranar farko a san wadda za ta karɓe ta in ta tafi biki ko ta kwanta ciwo.

Tsofaffinmu da haƙori ya ƙare musu sukan koma koko da safe, kunu da dare. Ciki ya cika, jiki kuwa yana zubewa. Tsoho na buƙatar aƙalla giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki, ga kowane kilo na nauyinsa a yini, sai in yana da ciwon ƙoda likita ya rage masa. Mai kilo 50 ke nan giram 50, ƙwai ɗaya kuma bai wuce giram 6 ko 7 ba. Don haka a riƙa sa mata alala, wake da ya dahu luguf, kifi da aka cire wa ƙaya, nama da aka daka, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, tuwon hatsi mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. Fura da nono ba laifi, amma ba sukari, kuma kofi guda, ba ƙwarya ba. Lokaci ma magani ne a nan: in tana shan ƙwayar suga ko ana mata allurar insulin sai abinci ya makara, suga na iya faɗuwa, ka ga zufa da rawar jiki da ruɗewa. A ajiye mata dabino ko ƙwayar sukari kusa da shimfiɗa saboda irin wannan.

Ka san zafin Damagaram a watan Afrilu da Mayu, yana haura digiri 40. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da wuta ko firji ba, shinkafa ma ta fi saurin cutarwa. Kada a kai mata kula ɗaya da rana a ce ta ci har dare. A kai sau biyu, karin kumallo kuma a haɗa da sassafe. Ga matsalar ruwa da garin ya daɗe yana fama da ita: ka biya mai garuwa ya riƙa cika mata randa. Tsufa na rage jin ƙishirwa, sai an tuna mata ta sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini.

Inda na fi son ka sa ido shi ne mai kai kwanon. Iyalai da yawa suna ganin kwano ya dawo wayam sai hankalinsu ya kwanta. Je ka gidan da azahar ka gani: yaro ya dire langa a bakin ƙofa ya ruga, tsohuwa ta buɗe ta kai loma biyu, almajiri ya yi sallama ta juye masa rabi, jikokin maƙwabta suka ƙarasa sauran. Ka kira ta da yamma, ta ce «Na ci na ƙoshi, Allah ya yi maka albarka.» Ba ƙarya take nufi ba, kara ce, ba ta son ta tayar maka da hankali. Saboda haka mai kaiwa ta zama babbar mace, mutum ɗaya da Inna ta saba da ita. Ta zuba mata ruwan wanke hannu, ta gaya mata abin da ke cikin kwano tunda ido ba ya gani sosai, ta zauna ana hira har ta ci. Mutum ya fi cin abinci in da wani a gefensa. Kuma kada a hana Inna sadakarta, ranta zai ɓaci. A riƙa zuba ɗan kwano daban na almajirai.

Wannan mai zaman ita ce idonka. Ka ce ta sanar da kai in zobe ko awarwaro ya fara yi wa Inna yawa, in tana ƙwarewa ko tari lokacin haɗiya, in ta yini biyu ba ta ci kirki ba, ko ta fara magana ba kan gado. Kowanne cikinsu ya isa a kai ta likita ba jira. Sau ɗaya a wata a auna nauyinta da jininta da suga, a rubuta a littafi guda.

Kafin ka ƙulla da kowa, ka je Damagaram ka zauna da Inna. Ita za ta faɗi gidan da take yarda ta ci tuwonsu da wanda ba ta so ya san cikinta. Ka kwana biyu ana kawo abincin kana nan, ka ɗanɗana gishirin da bakinka, ka duba ƙarfe nawa yake iso.