Me ya hana ɗakunan cikin nukliyas cakuɗewa?

Ƙanwata, kin ce a ajinku na bayoloji a Jami'ar Jos an nuna muku ɗigo-ɗigo a cikin nukliyas, wato cibiyar ƙwayar halitta inda bayanan gado suke, kina tambayar me ya raba su tunda ba su da bango.

Haka ne, babu wata fata da ta kewaye su. Furotin da RNA (sinadarin da ke ɗauke da kwafin bayanan gado) ne suke manne wa juna har su dunƙule wuri guda, kamar ɗigon manja a kan ruwa. Ya ware kansa, amma abubuwa na shiga suna fita ba tsayawa.

Babbansu shi ne nukliyolas, tabon nan mai duhu da kike gani a maikuroskof. Shi nake so ki riƙe da kyau. A jikin ɗan Adam yana taruwa ne a kan kuromosom (zarurrukan da ke riƙe da bayanan gado) na 13, 14, 15, 21 da 22, inda ake kwafo RNA na ribosom (injinan ƙera furotin), a yanyanka shi, a haɗa da furotin, sannan a fitar da ɓangarorin ribosom ɗin daga nukliyas domin su ƙera furotin. Idan ƙwaya za ta rabu biyu sai ya watse, in ta gama ya sake haɗuwa. A ƙwayoyin ciwon daji yakan kumbura, shi ya sa likitoci ke duba girmansa.

Akwai kuma waɗanda Santiago Ramón y Cajal, masanin kimiyya ɗan ƙasar Sifen, ya gano a 1903 cikin ƙwayoyin jijiya, suka ci sunansa. A nan ake ƙarasa haɗa ƙananan injinan da ke datse sassan RNA da ba a buƙata.