Dogon gilashi ko gajere: wanne zan sa wa kyamarata?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mai hoton biki ne a Garwa, ina da Nikon D3200 da gilashin da ta zo da shi, 18-55mm. Kwanan baya na je bakin kogin Binuwai ɗaukar dorina, da na dawo gida na duba sai na ga kamar duwatsu ne a ruwa. Wani ya kawo min farin gilashi dogo, 650-1300mm, sabo kuma da araha, wani kuma yana da 70-300mm na hannu da aka zo da shi daga Duwala. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Ƙanena, ka mayar wa mai farin gilashin nan kayansa. Na san yana burgewa, duk wanda ya gan ka da shi zai ce ƙwararre ya iso, amma ba zai ba ka dorina ba. Ƙofar haskensa (lambar f, in ta ƙaru haske ya ragu) f/8 ce a 650mm, in ka ja shi zuwa 1300mm ta koma f/16, wato kashi ɗaya cikin takwas na hasken da f/5.6 ke shigarwa. Ba ya saita kansa, da hannu za ka yi ta murɗawa, kuma ba shi da maganin rawar hannu. Kafin ka gama lalube, dorinar ta yi hamma ta nutse.

Akwai kuma abin da masu sayar da kaya ba sa faɗa, domin ba a ƙasarmu aka rubuta tallan ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da namun daji ke taruwa a ragowar tafkuna, zafin Garwa yakan wuce digiri 40. Da hantsi ya yi, iskar da ke saman ƙasa sai ta fara rawa, irin kawalwalniyar da kake gani a kan kwalta. Dogon gilashi yana jawo dabbar, yana kuma jawo duk wannan rawar da ke tsakaninku. Raƙumin dawa da ke nesa sai ya fito da ƙafafu a karkace, ko da kuwa gilashin na miliyoyi ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ga hazo, ya mayar da komai fari-fari. Shi ya sa ni ban yarda da neman tsawo ba. Na fi yarda da sammako, da mai rakiyar da ya san inda dabba ke shan ruwa, da direban da zai kashe mota ya yi haƙuri har ita dabbar ta matso da kanta.

Saboda haka 70-300mm ɗin ne naka. A kan D3200 sai ka ninka lambar sau ɗaya da rabi, 300mm ya yi maka aikin 450mm. Wannan ya ishe ka giwa da gwanki da maraya a gandun dajin Binuwai ko Buba Njidda, ya ishe ka raƙumin dawa da jimina a Waza in hanya ta yi lafiya. Amma ka karanta rubutun da ke jikinsa da kyau, domin Nikon ta yi 70-300mm iri-iri. Kyamararka ba ta da injin saiti a cikinta, don haka wanda aka rubuta wa AF kawai ba zai saita kansa ba. Mai AF-P kuma ya yi wa D3200 sabunta, ba sa jituwa. Wanda kake nema shi ne mai AF-S da VR, wato mai injin saiti a cikinsa da maganin rawar hannu. In ba a samu ba, AF-S 55-300mm VR ma ba laifi.

Tunda daga Duwala ya fito, kada ka biya sai ka cire murafen biyu ka haska fitilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba. Laimar bakin teku takan sa funfuna ta tsiro a ciki. In ka ga zare-zare fari ya bazu daga gefe, bar shi. 'Yar ƙura kaɗan ba komai, ba ta fitowa a hoto. Ka ɗaura shi a kyamarar, ka ɗauki allon wani shago daga tsallaken titi a 300mm, ka buɗe hoton sosai ka ga ko harufan sun fito tas.

A daji kada saurin ɗauka ya gaza 1/500 na daƙiƙa, tsuntsu mai tashi kuwa 1/1000 ko sama. Ka cika ƙaramin buhu da gero ka aza a tagar mota ka ɗora gilashin a kai, ya fi sandar ƙafa uku amfani a cikin mota. Kuma don Allah kada ka ce za ka cike gibin tsawo da ƙafarka. Dorina ba ta wasa, musamman in ka shiga tsakaninta da ruwa.

TAMBAYA: Malam, ina Injamena, ina shirin zuwa gandun dajin Zakuma da rani saboda tsuntsaye. Shin 300mm zai ishe ni?

AMSA: Hajiya, ga gauraka da tarin jan-baki da ke rufe sama da yamma, zai ishe ki, har ma wani lokaci sai kin koma 70mm kafin garken ya shiga hoto. Ƙananan tsuntsaye a kan reshe ne za su ba ki haushi. In aljihu ya yarda, Sigma da Tamron suna da 150-600mm, amma nauyinsu ya kai kilo 2, ki ɗauka ki riƙe na minti goma a shago kafin ki yanke shawara. Gajeren gilashinki ma ki tafi da shi, amma kada ki yi canji mota na tafiya. A tsaya, ƙura ta lafa, ki sunkuyar da bakin kyamarar ƙasa, sannan ki canza.