Kociyoyin ƙwallon jami'o'in Amurka suna riƙe amana kuwa?

Malam, ka tambaya ko kociyoyin ƙwallon Amurka (American football, ba ƙwallon ƙafar da muka saba ba) na jami'o'i suna zama da ƙungiyoyinsu in babban aiki ya taso. Gaskiya yawancinsu tafiya suke yi. A Nuwamba 2021 koci Brian Kelly ya bar jami'ar Notre Dame bayan shekara 12, ya koma jami'ar jihar Louisiana (LSU) kan kwangilar dala miliyan 95 ta shekara 10, alhali 'yan wasansa na Notre Dame na sa ran shiga wasannin neman kofi. Wannan ya ci mini rai ƙwarai, domin da yawansu saboda shi suka zo makarantar. Sai dai jami'o'in ma ba sa jinkirin korar koci in ya yi ta shan kashi. Masu zama akwai su, kamar Kirk Ferentz da ke jami'ar Iowa tun 1999.